Muhawara: Bayan yaƙi, kangon na wane ne?

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum jama'a. Da zarar an ajiye makamai, maganar siminti da kwanon rufi da gadoji ake fara yi. Alhali mai gini ba ya zuba harsashi sai ya san filin na wane ne. Ga misalin da nake so mu warware. Gida ɗaya, mutum uku. Na farko ya gudu shekara tara da suka wuce, takardarsa ta ƙone, ofishin filayen ma ya ƙone. Na biyu an rushe nasa gidan a wani gari, ya zo ya tarar da kango, ya rufa kwano, ya sa ƙofa, har ya yi 'ya'ya huɗu a ciki. Na uku yana riƙe da takardar ciniki, ya ce ya saya daga ƙanin mai gidan ana tsakiyar yaƙi, a kan kashi ɗaya bisa biyar na kuɗinsa. Yanzu ga kuɗin gyara ya zo. Wa za a ba? Kuma da me hukuma za ta fara?

Barista Hauwa:
Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a zo kan mutanenka uku, akwai aikin makonnin farko, wanda in aka yi sake da shi sauran duk gyaran ɓarna ne. A dakatar da canjin suna a rajistar filaye da duk wani sabon rabon fili a yankunan da aka yi yaƙi. Lokacin da masu gida ba su dawo ba kuma ofis babu mai tsaro, lokacin ne mai bindiga da mai kuɗi suke mayar da ƙwace ya zama takarda mai hatimi.

Tare da haka a ceto duk abin da ya rage na rubutu, a ɗauki hotonsa, a ajiye kwafi a wuri biyu. A Timor ta Gabas a 1999 an cinna wa ofishin filaye na Dili, babban birnin ƙasar, wuta. A Kosobo, a 1999 ɗin dai, an kwashe kundin awon filaye da yawa aka tafi da su Sabiya. Kada kuma a tsaya kan kundin ofishin filaye kawai: rasiɗin haraji, takardar kuɗin wuta da na ruwa, kundin bankin da aka jinginar da gida, hukuncin rabon gado, tsohon hoton sama, duk shaida ne.

Sai abin da ya fi kowanne zafi, wato ranar da za a koma. Dole doka ta ce: wanda yake da hakki a rana kaza shi za a duba. Hukumar kadarori ta Bosniya ta ɗauki 1 ga Afrilu 1992. Kolombiya ta ɗauki 1 ga Janairu 1991. Iraƙi ta buɗe ƙofa tun daga 17 ga Yuli 1968 zuwa 9 ga Afrilu 2003. Duk ranar da ka zaɓa, ka ba wasu gaskiya ka rufe wa wasu ƙofa, shi ya sa a teburin sulhu ake yanke ta, ba a ofishin akawu ba.

Injiniya Bello:
Barista, da girmamawa, ku lauyoyi in an biye muku gari zai shekara ashirin a kango. Mutane ba sa jiran hukuma, da sun ji shiru za su dawo su kafa bulo inda suka ga dama, har kan hanyar ruwa. Mai tsara gari yana da ɗan lokaci kaɗan ya faɗaɗa titi, ya binne bututu, ya fitar da magudana. An yi wa birnin Rotterdam na ƙasar Holland ruwan bama-bamai a 14 ga Mayu 1940, kafin watan ya ƙare an karɓe filayen tsakiyar birnin gaba ɗaya, aka rubuta wa masu su diyya da sharaɗin sai sun sake gini. Warso ma, babban birnin Poland, da aka rushe fiye da kashi 80 cikin 100 nata, dokar Oktoba 1945 ta mayar da ƙasar birnin duka ta hukuma, kuma an gina shi. Ga kishiyar haka a gabashin Jamus bayan haɗewar ƙasar a 1990: aka ce mayar wa mutum kadararsa ya fi biyan diyya fifiko, ƙorafi fiye da miliyan 2 ya taru, mai zuba jari ya kasa taɓa ginin da ake ja a kansa, sai da aka yi wata doka a 1992 da ta ba zuba jari fifiko.

Barista Hauwa:
Injiniya, ka kawo Warso ka tsaya a rabin labari. Dokar ta ba tsofaffin masu fili wata shida su nemi a bar musu amfani da shi, aka ƙi yawancin buƙatun ko aka yi watsi da su a durowa. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989 buƙatun suka farfaɗo. Dillalai suka riƙa sayen hakkin ƙara daga tsofaffi da magada a kan kuɗi kaɗan, su karɓi bene guda, su kori masu haya. Har 2017 ana kafa kwamitin binciken wannan badaƙala. Ka ga tsugune ba ta ƙare ba, an dai tura wa jikoki.

Bairut ma ga ta nan. Bayan yaƙin basasa an miƙa tsakiyar birnin ga kamfanin Solidere a 1994, aka ba masu gida da masu haya hannun jari a madadin kadararsu. Gini ya yi kyau, amma da yawa sun ce an karya darajar kayansu, kuma masu ƙananan shaguna ba su koma ba. A Siriya, Doka ta 10 ta 2018 ta ba mutum kwana 30 ya kawo shaidar mallaka in an ayyana unguwarsa yankin sake gini. Wanda yake sansanin gudun hijira a wata ƙasa, kuma yana tsoron a kama shi in ya dawo, ta ina zai cika kwana 30? Sai da aka yi ca a kai aka mayar da wa'adin shekara guda.

Ɗanlami Safiyo:
Ku biyun akwai hanya a tsakaninku, ita Japan ta bi. Dokar 1946 ta ware birane 115 da yaƙi ya ci. Ba a ƙwace fili ba. Ana auna filin kowa a unguwa yadda yake kafin gobara, a haɗe su a takarda, a zana sababbin tituna da lambu, sannan a mayar wa kowa fili kusa da inda nasa yake, an rage masa wani kaso. Mai murabba'in mita 200 a lungu zai iya fita da 170 a bakin titi, kuma 170 ɗin ta fi 200 ɗin daraja. Wanda aka ci masa fiye da kima a cika masa da kuɗi, wanda ya samu ƙari ya biya. Haka Nagoya ta samu titunanta biyu masu faɗin mita 100. Inda take cijewa: mai ƙaramin fili, in ka rage masa ba abin da zai ginu a kai, sai an haɗa shi da maƙwabci ko a saye. Sannan tana son kuɗi da haƙuri. Da aka tsuke kasafi a 1949, Tokyo kaɗan ta iya yi daga abin da ta tsara. Kuma duk wannan sai in kundin awo ya tsira.

Malam Sabi'u:
In bai tsira ba fa, ko kuma dama can ba a taɓa rubutawa ba? Yawancin gonaki a duniya ai ba su da takarda.

Ɗanlami Safiyo:
Nan Ruwanda ce makaranta. Daga 2009 zuwa 2013 sun yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista, a kan ƙasa da dala goma kowane fili. Ba su bi gona-gona da na'urar awo ba, da har yau suna hanya. Jirgi ya ɗauki hoton ƙasar, aka buga manyan hotuna, aka horar da matasan yankin. Ranar aiki mai gona ya tsaya, maƙwabtansa na kowane ɓangare su tsaya, 'yan kwamitin filaye na wurin su tsaya. A zaga iyaka a ƙafa, a ja layi da biro a kan hoton, a ba filin lamba, a ba mutum rasiɗi a nan take. In an yi gardama ba a tsaya shari'a, sai a rubuta a littafin rigima a wuce gona ta gaba. Daga baya a manna taswira da sunaye a bainar jama'a, mai ƙorafi ya zo, kana a buga takarda. Sirrin shi ne tsayuwar maƙwabta. Da wuya mutum ya ci iyaka alhali mai iyakar yana kallonsa.

Dakta Rakiya:
Malam Ɗanlami, ka duba shekarun da ka faɗa. Kisan ƙare dangi 1994, rajista 2009. Shekara goma sha biyar. Kafin nan an yi dokar gado ta 1999 da ta ba 'ya mace rabo, an yi dokar ƙasa ta 2005, mutane sun dawo sun zauna. Ka ɗauki wannan tsari ka kai shi wurin da rabin gari yake gudun hijira, maƙwabtan da za su tsaya maka shaida su ne waɗanda suka raba gonar wanda ba ya nan. Ka buga wa ƙwace hatimi kenan da kuɗin masu ba da agaji. Rajistar gama-gari aikin ƙarshe ce.

Ko a Ruwandan abu biyu sun ba da wahala. Matar da aurenta bai shiga rajistar hukuma ba ta sha wuyar shigar da sunanta kusa da na miji. Sannan bayan an gama, mutane suka ci gaba da saye da sayarwa da rabon gado ba tare da komawa ofis ba, saboda kuɗin canjin suna da nisan tafiya sun yi wa ƙaramar gona yawa. Kundin da ba a sabunta shi, shekara goma ta isa ya fara ƙarya.

Alhaji Isiyaku:
Bari in koma kan mutum na biyu na Malam Sabi'u, wanda yake cikin gidan, don a kansa ne aikin yake tsayawa. Yanke hukunci abu ne mai sauƙi, fitar da mutum ne aiki. Bosniya ta nuna haka ƙarara. Yarjejeniyar Dayton ta 1995, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin, ta ce kowa yana da hakkin a mayar masa da gidansa, a ƙasar da mutum kusan miliyan 2.2 suka bar muhallinsu. Amma shekara huɗu ana ba mutane takardar hukunci suna ajiyewa a aljihu. Dalili kuwa, shugaban ƙaramar hukumar da zai sa hannu a fitar da mazauni, shi ne ya raba gidajen ga 'yan ƙabilarsa da tsofaffin mayaƙansa, kuma su ne masu zaɓensa.

Abin da ya juya lamarin daga ƙarshen 1999 ba wani abin mamaki ba ne. Aka daidaita dokokin ɓangarori biyu da aka raba ƙasar suka zama iri ɗaya. A Nuwamba 1999 Babban Wakilin ƙasashen duniya mai sa ido kan yarjejeniyar ya tuɓe jami'ai 22 a rana ɗaya saboda kawo cikas. Aka tilasta bin ƙorafi bisa jerin ranar da aka shigar da shi, don kada jami'i ya zaɓi gidan da babu kowa ya tsallake wanda ɗan siyasa yake ciki. Duk wata a wallafa alƙaluman kowace ƙaramar hukuma: ƙorafi nawa, hukunci nawa, mabuɗi nawa aka miƙa. Aka kuma raba mazauna gida biyu. Wanda yake da wani wurin zama, irin mai riƙe da gida biyu, kwana 15 ya fita. Wanda ba shi da inda za shi, kwana 90, kuma wajibin hukuma ne ta nemo masa masauki, amma rashin masaukin ba ya zama hujjar hana mai gida gidansa. Ɗan sanda kuma dole ya halarci fitarwa. Zuwa 2004 an warware fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙorafi sama da 200,000.

Wani abu da ake mantawa: yawancin mutanen birni ba su mallaki ɗakunansu ba, hakkin zama na dindindin suke da shi a benayen hukuma. Bosniya ta ɗauke shi a matsayin abin mayarwa. Kuroshiya ta soke irinsa ga dubun dubatar iyalan da suka gudu, ba su sake ganin ɗakunan ba.

Injiniya Bello:
To Alhaji, kashi 90 ɗin nan, sun koma sun zauna?

Alhaji Isiyaku:
Da yawa ba su koma ba. Sun karɓi mabuɗi suka sayar, ko suka yi musaya da wanda yake ɗaya ɓangaren. Babu aiki, makaranta tana koyar da tarihin waɗanda suka kore ka, wa zai kai 'ya'yansa? Amma ni ban ɗauke shi faɗuwa ba. Wanda ya sayar da gidansa a farashin kasuwa ya fara sabuwar rayuwa da jari, ba daidai yake da wanda aka bari hannu rabbana ba.

Dakta Rakiya:
Bosniya shekara uku da rabi aka yi ana yaƙi, kowa ya san gidan wane ne. Matsalar tana canja kama in an daɗe. A Burundi waɗanda suka gudu a 1972 sun fara dawowa da yawa daga 2002, wasu an haife su a Tanzaniya ba su taɓa ganin gonar ba. Gonar kuwa, musamman ta kwakwar manja a Rumonge, hukuma ce da kanta ta raba wa wasu, an gada, an sayar sau biyu sau uku. Ga dokar ƙasa ta 1986 da ta ce wanda ya riƙe fili shekara 30 ya zama nasa. Ku lissafa 1972 da 30. Hukumar filaye da aka kafa a 2006 ta fara da sulhu, yawanci a raba gonar biyu. Daga 2011 ta karkata ga mayar wa wanda ya dawo gonarsa ɗungurungum, har da waɗanda aka riga aka sasanta aka sake buɗewa. Rikici ya tashi a kudu, a 2015 sai da aka dakatar da zartar da hukuncinta. Darasin da na fi riƙewa a nan shi ne sake buɗe abin da aka rufe. Da mutane sun gane sulhun jiya zai iya warwarewa gobe, ba wanda zai ƙara yarda a raba, ba kuma wanda zai dasa itace.

Ruwanda ta bi wata hanya. Yarjejeniyar Arusha ta 1993 ta ce wanda ya wuce shekara goma a waje kada ya nemi tsohon filinsa, a ba shi wani. An yanki babban ɓangare na gandun dajin Akagera an zaunar da mutane, a gabas kuma aka sa mutane raba gona. An samu zaman lafiya a kai, amma kada a ce kowa da son ransa ya raba.

Malam Sabi'u:
Saura mai takardar ciniki. Shi ma fa kuɗinsa ya biya.

Barista Hauwa:
A kotun yau da kullum shi zai ci, don shi kaɗai ne mai takarda. Shi ya sa Dokar 1448 ta Kolombiya ta 2011 ta juya nauyin kawo hujja. Mai ƙorafi ya nuna alaƙarsa da filin da cewa an raba shi da shi, ko da 'yar shaida ce. Daga nan wanda yake riƙe da filin ne zai tabbatar da cewa cinikinsa halal ne. Doka tana ɗauka babu yardar mai sayarwa in an yi cinikin a yankin da ake kashe-kashe da korar jama'a, ko in kuɗin bai kai rabin darajar filin ba. Mai sayen da yake son diyya sai ya nuna ya yi bincike irin na mai hankali, cewa "ban sani ba" ba ta isa. In an mayar, sunan miji da mata ake rubutawa, kuma shekara biyu ba a sayarwa, don kada wanda ya ƙwace ya dawo da jakar kuɗi washegari.

Inda ta yi tuntuɓe: an tsara ta ne don manyan masu ƙwace, sai ga shi wanda ake tararwa a gonar sau da yawa talaka ne, shi ma korarre. Sai da Kotun Tsarin Mulki ta sassauta wa irinsu a 2016. Ga jinkiri, don ba a buɗe yanki sai jami'an tsaro sun ce ya lafa kuma babu nakiya. An kashe jagororin masu neman filaye da dama. Dokar da aka yi wa shekara goma sai da aka ƙara ta zuwa 2031.

A misalinka ma akwai ƙarin rauni: ƙani ne ya sayar. In ba shi da wakilci, kuma gidan ba gadonsu ne tare ba, ya sayar da abin da ba nasa ba.

Malama Bilkisu:
Duk kun ɗauka mai gidan zai dawo da ƙafarsa. Sau da yawa matarsa ce take dawowa da yara, shi ba a san inda yake ba. Babu gawa, babu takardar mutuwa, don haka ba a buɗe gado, ba a canja suna, ba a ba ta kuɗin gyara. Wata kuma ba za ta yarda ta sa hannu cewa ya mutu ba. Bosniya ta yi dokar ɓatattu a 2004, Siri Lanka ta fito da takardar shaidar ɓacewa a 2016, wadda take ba iyali damar tafiyar da dukiya ba tare da an ce mutum ya rasu ba. In babu irin wannan, 'yan'uwan miji ne suke cin gidan. Fom ɗin ƙorafi ma a sa masa gurbin duk wanda yake zaune a gidan kafin yaƙi, kada a tsaya kan mai gida shi kaɗai.

Ɗanlami Safiyo:
Haka makiyaya da masu dajin gari, su ba su da kango ma da za su nuna. Fili in ya shekara goma ba a noma, daga sama kamar ba mai shi, sai a ba kamfani. Mozambik ta ga haka bayan sulhun 1992, dokarta ta 1997 ta ce riƙon gargajiya hakki ne ko babu takarda, shaidar baki tana tsayawa a kotu, wanda ya zauna shekara goma da kyakkyawar niyya shi ma yana da hakki. Laberiya ta yi makamanciyarta a 2018. A kuma kula da masu cire nakiya: filin da ba mai so jiya, ranar da aka share shi ya zama abin rububi. A rubuta mai shi kafin a fara sharewa.

Injiniya Bello:
Kowa yana cewa diyya, diyya. Daga wace taska? Asusun diyyar da Dayton ta ambata ba a taɓa zuba masa kuɗi ba. Japan da ta karɓi gonakin manyan masu ƙasa daga 1946 ta biya su da takardun bashi, hauhawar farashi ta cinye su. Wadda na san ta yi abin a zo a gani ita ce Jamus ta Yamma a 1952: duk wanda dukiyarsa ta tsira aka ɗora masa rabin darajarta ta 1948, ya biya kashi-kashi sau 120 cikin shekara 30, aka riƙa biyan waɗanda aka kora da waɗanda bam ya rushe wa gida, mai ƙaramar asara yana samun kaso mafi girma. Amma wannan sai ƙasar da take da kundin haraji da tattalin arziki mai tashi.

Malam Sabi'u:
To damina ba ta jiran shari'a. Kuɗin gyaran nan, wa za a miƙa wa?

Alhaji Isiyaku:
A raba gyara biyu. Na gaggawa, wato leda, ƙofa, toshe yoyo, a ba wanda yake ciki, ya sa hannu cewa wannan ba shaidar mallaka ba ce. Babban gini kuwa a jira hukunci, ko mutanen uku su sa hannu a yarjejeniyar wucin gadi gaban shaidu. In an yanke wa na farko, na biyu a ba shi wa'adi da masauki, a kuma tura ƙorafinsa can garin da aka rushe nasa gidan. Na uku ya bi ƙanin da ya karɓi kuɗinsa.

Barista Hauwa:
Na yarda, sai dai kwanon da na biyu ya rufa. Kada a ce ya ɓalle ya tafi da shi, haka ake mayar wa mutane gida babu taga babu waya. A ƙiyasta shi ranar da aka karɓi ƙorafi, da hoto da sa hannun ɓangarorin biyu, a ware gyaran dole daga na ƙawa, na dole kaɗai ake biya.

Injiniya Bello:
A farashin ranar da ya rufa, ko na yau? Shekara tara tsakani fa, kuma kwanon ya ci rabin ransa.

Ɗanlami Safiyo:
Na yau, a cire tsufa. In aka bi na ranar da ya rufa, da kuɗin da yaƙi ya karya, ko ƙusoshin ba zai mayar ba.